Abincin masu suga na Hajiyar nan ta Birnin Kebbi: girki ya yi, amma ba ta tambayar maganin da kake sha

Assalamu alaikum jama'a. Mutane sun dame ni da tambaya kan Hajiyar nan da ke dafa abincin masu ciwon suga tana aikawa gida-gida nan cikin Birnin Kebbi, wasu har ofis suke tare ni tunda suna ganin kular da ɗan kabu-kabu ke kawo min da rana, to bari in yi bayanin gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunanta ba kuma ba zan sa lambarta ba, don maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƙorafin mai nauyi ne.

Matar ta iya girki, tana da tsabta, kuma abincinta na saukar da suga da gaske ba zancen talla ba ne. To matsalar ma daga nan ta taso. Abinci ne mai saukar da suga, ana sayar da shi ga mutanen da kusan dukkansu suna shan maganin saukar da suga, kuma babu mai tambayarka wane magani kake sha kafin a karɓi kuɗinka. Wanga shi ne abin da ya hana ni in ce ma kowa je ka saya ido rufe.

Tsarinta ba wuya. Ka yi mata magana ta WhatsApp, ta turo maka jadawalin sati, ka zaɓi na rana kaɗai ko rana da dare, ka tura kuɗin sati ko na wata, sai ta jefa ka cikin gurup ɗin kwastomominta. Karin kumallo ba ta kawowa sai dai ta rubuto abin da za ka haɗa da kanka, yawanci ƙwai da kabeji ko kindirmo marar suga da 'yar gyaɗa. Tsari biyu gare ta. Akwai wanda take ce ma mai sassauci, shi ana sa ɗan wake ko alala ko 'yar malmala guda ta tuwo ƙarama, sai kuma keto wanda babu hatsi ko ƙwaya ɗaya, ba shinkafa ba dawa ba gero ba doya ba dankali ba burodi. Ga wanda bai sani ba, in anka ce mutum ya rage sitaci ana nufin abin da yake ci na kabohaidiret a wuni bai kai giram 130 ba, keto kuwa tsakanin giram 20 zuwa 50 ne kacal. Kofi ɗaya na dafaffar farar shinkafa shi kaɗai yana da wajen giram 45, kuma tsakani da Allah wa ke cin kofi ɗaya a Kebbi? Mu da shinkafa ke fitowa bayan gidanmu, tun ma kafin a ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers nan garin a 2015 balle bayansa, tuwon shinkafa da dare, ɗumame da safe, dafa-duka da rana, ga fura tsakani. Mai suga a garin nan yana cikin jarabawa ba 'yar ƙarama ba, shi ya sa da na ji akwai mai ɗauke ma mutum wahalar tunanin mi zai ci ban yi wata-wata ba.

Ni mai sassaucin na ɗauka, na rana.

Bari in fara da abin da ya burge ni, don haƙƙinta ne in faɗa. Kwaɗon zogalenta ban taɓa cin irinsa ba wallahi. Ba ta dafa ganyen har ya mutu ya yi baƙi, tana barinsa kore shar, ƙuli-ƙulin ita ke yin abinta don ta ce na kasuwa wasu na sa masa suga, ga albasa da tumatir da ɗan tattasai, man gyaɗa daidai misali ba ya kwance ƙasan roba. Ranar kwaɗon rama ma haka, ta san yadda ake zubar da ruwan farko tsamin ya ragu. Ranar da na fi jira ita ce ranar miyar kuɓewa ɗanya da busasshen kifi, tana cewa daga Yauri ake kawo mata kifin kuma na yarda don ƙamshin ba ya ɓuya, daddawa ta ji, kifin kuma ba gutsuri-gutsuri ba ne da za ka yi ta lalube. Akwai farfesun tarwaɗa, akwai gasasshen ƙarfasa da haɗin kabeji da kokwamba, akwai awara da take soyawa sama-sama ta juye cikin miyar alayyahu, akwai miyar sure da naman rago. Duk abincinmu ne na gida ba wani baƙon abu da za ka ci kana ɓata fuska ba, kuma ana ƙoshi, wanda shi ne babban tsoron duk wanda anka ce ya bar tuwo. Ina cin na rana in kai har magariba ban nemi komai ba, da kuwa la'asar na yi hannuna ya fara neman biskit ko masa.

Tuwon kabejin ne dai bai shige ni ba. Niƙa kabeji take yi ta tace ta tuƙa da wani gari da ke sa shi ya kama jikinsa, in yana da zafi ana iya ci da miyar kuka, amma kafin ya iso Gwadangaji ya huce ya saki ruwa, warin kabejin kuma ya cika kula. Wasu a gurup suna yabonsa sosai, ni dai na roƙe ta ta riƙa musanya min da alala ranar da ya faɗo kuma ta yarda ba musu.

Wani abin da ya sa na ga ƙimarta, ba ta yaudarar mutane da zancen acca da alkama. Kowa ya san yadda ake yi, da an ce kana da suga sai 'yan uwa su fara kawo maka garin alkama da acca da burodin alkama da zuma, a ce ci iya cinka wannan ba ya komai. Alhali dukkansu sitaci ne ko suga, in ka cika kwano da tuwon alkama na'urar gwajin suga za ta nuna maka bayan awa biyu. Hajiya ta faɗi wannan ƙarara a gurup, har wata ta ji haushi don ta sayi buhun acca. Ta faɗi gaskiya kan zuma da dabino da lemun kwalba da maltina ma. Nan kam ta fi masu tallar garin magani a bakin kasuwa nesa ba kusa ba.

Ni metformin kaɗai nake sha, safe da dare, kuma kafin in fara na kai jadawalin nata wurin likitan da ke duba ni a kilinik ɗin masu suga, ya duba ya ce ba laifi in ci gaba da maganina yadda yake in riƙa gwaji. Awon safe kafin in ci komai da yana yawo tsakanin 160 da 180, yanzu yawanci 115 zuwa 130 nake gani, wanda ya shiga cikin abin da likitoci ke so wato 80 zuwa 130. Bayan abinci da awa biyu ana son ya tsaya ƙasa da 180, da shinkafa ina wuce 240, da abincinta ban cika wuce 150 ba. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da sunka wuce, shi ma ya sauko ya kusa 7 ɗin da ake nema. Zannuwana sun yi min yawa a ƙugu, tashin fitsarin dare ya ragu, barcin da ke danne ni bayan azahar ya tafi. Kuma ban taɓa samun faɗuwar suga ba, dalili kuwa shi metformin aikinsa rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini da kuma taimaka ma jiki ya ji insulin ɗin da yake da shi, wato sinadarin da ke saukar da suga a jini, ba ya tilasta jiki ya ƙaro insulin, shi ya sa in shi kaɗai mutum ke sha da wuya suga ya faɗi ƙasa warwas.

Yayata kuwa ba haka nata ya kasance ba, kuma saboda ita nake wanga dogon rubutu.

Yaya ta girme ni da kusan shekara goma, ta daɗe da ciwon fiye da ni, tana shan metformin da kuma glibenclamide, wanda mutane sunka fi sani da Daonil, 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai miligiram 5. A wani gidan suna ta ji labarin Hajiya ta karɓi lamba, ta yi magana anka turo mata jadawali, da yake ita mace ce mai son in za a yi abu a yi shi gaba ɗaya sai ta zaɓi keto rana da dare. An tambaye ta unguwarsu, an tambaye ta ko tana cin yaji, an tambaye ta kifi ko nama ta fi so. Ba a tambaye ta magani ba. Cikin satin farko, ta sha ƙwayoyinta da safe yadda ta saba shekara da shekaru, ta karya da ƙwai biyu da shayi ba suga kamar yadda anka rubuta a gurup, abincin rana kuma ya yi latti. Wajen ƙarfe biyu ɗiyarta ta kira ni murya na rawa, Anti ki zo Mama na ta gumi jikinta na ɓari tana magana ba kan gado, na ce mata maza ɗauko na'ura ki gwada ta ina kan layi. 51 ta nuna. Na tambaya tana iya haɗiya, ta ce eh, na ce jiƙa suga ƙwaya uku na kwali a ruwa ki ba ta yanzu-yanzu ki duba agogo, bayan minti 15 ki sake gwadawa. Kafin in iso Badariya ta ɗan dawo hayyacinta an sake ba ta wani, munka sa ta ta ci burodi, munka wuce asibiti.

Wanda bai san wannan ba ya riƙe: duk awon da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ne, in na'urarka mai ƙananan lambobi ce to 3.9 ke nan, don lambar ana ninka ta sau 18 ne ta ba da ɗayar. Ƙasa da 54 kuwa haɗari ne sosai. Alamunsa gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, ganin dishi-dishi, saurin fushi ko ruɗewa, in ya yi nisa suma ko farfaɗiya, kuma yana kisa. Maganin gaggawa giram 15 na suga mai saurin shiga jini, cokalin cin abinci ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofin lemun kwalba mai suga, a jira minti 15 a sake gwaji, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci. In mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti da shi a sa masa ruwan suga ta jijiya. Nan wurinmu da an ga mutum yana sambatu yana gumi wani sai ya ce iska ce a kira malam, a tsaya tofi lokaci na tafiya. A yi addu'a, amma a gwada suga tukuna.

Likitan da ya gan ta ya yi mana bayani dalla-dalla kuma maganin ba shi da laifi, aikinsa ya yi. Glibenclamide da 'yan uwansa glimepiride da gliclazide matsa ma pankiriyas suke yi, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ta yi ta fitar da shi ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Kamar injin ban ruwa ne da anka tayar a fadama anka tafi anka bar shi, ja kawai yake yi ko da ruwa a rijiyar ko babu. An auna ma Yaya adadin ƙwayar ne lokacin da take cin tuwo da shinkafa da koko, rana ɗaya ta janye duk wannan ƙwayar kuma tana nan yadda take, to mi zai hana suga ya faɗi. Ya ƙara da cewa shi glibenclamide yana daɗewa a jiki har ya kai wuni guda, don haka ko an ba mutum suga ya farfaɗo yana iya sake faɗuwa bayan 'yan awoyi, shi ya sa sunka riƙe ta sunka yi ta gwaji har washegari, kuma abin ya fi tsanani ga tsofaffi da masu raunin ƙoda. Bai ce ta koma ma tuwo ba, a'a ya ma yaba da rage sitacin, sai dai ya ce ta bar keto ta koma mai sassauci, ya canja mata tsarin maganin, ya ce ta riƙa gwaji safe da rana da kafin barci ta rubuta a littafi ta kawo masa. Ba zan faɗi yadda ya canja ba don kada wani ya kwaikwaya, jikin kowa daban.

Da hankali ya kwanta na kira Hajiya. Na ce Hajiya barka da aiki, wallahi ba faɗa na kira ba, ga abin da ya faru da yayata. Ta yi salati ta yi jaje sosai, har ta aiko da farfesu kyauta, wannan kam ba zan ɓoye ba. Amma da na ce Hajiya don Allah ki riƙa tambayar mutane maganin da suke sha kafin ki sa su a keto, sai ta ce min ai ƙanwata ni ba likita ba ce girki nake yi, kowa ya san maganinsa. Na ce gaskiya ne ke ba likita ba ce, kuma ba cewa na yi ki rage ma kowa magani ba, wannan ma in kinka yi shi ne babban laifi. Tambaya ɗaya ce, kana allurar insulin ko kana shan Daonil da irinsa? In ya ce eh ki ce je ka ga likitanka da wanga jadawali kafin in fara kawo maka. Ta ce in sha Allahu za ta duba. Har yau da nake rubutun nan saƙon maraba da take tura ma sababbin shiga bai canja ba, na gani a wayar wata abokiyar aikina da ta shiga kwanan nan.

Ni a ganina wannan uzurin bai karɓu ba. Da tuwo da miya take sayarwa kamar kowace mai abinci a bakin tasha ba wanda zai ce ta tambayi magani. Amma ita da kanta ta sa ma sana'arta sunan masu suga, hotunan na'urar gwaji take sawa a sitatus tana nuna yadda awon kwastomomi ya sauka, da wannan take samun ciniki. Wanda ya ci riba da saukar suga dole ya san inda saukar ke zama bala'i. Kuma maganar kowa ya san maganinsa ba haka ba ne, mutane nawa ne a garin nan ke karɓar ƙwaya a 'yar leda daga kemis, fara da safe doguwa da dare, ba su san sunanta ba balle aikinta?

Gurup ɗin kansa ma sai an yi hattara. Akwai masu kirki da ke ƙarfafa juna, amma akwai wani bawan Allah da kullum yake rubuta cewa shi ya watsar da magani gaba ɗaya tunda ya fara keto, zogale da tafarnuwa sun ishe shi, mutane na ta sa masa hannun jinjina. Hajiya ba ta ce a yi haka ba amma ba ta tsawata ba. Gaskiya ne akwai masu ciwon suga nau'i na biyu da in sun rage ƙiba sun gyara ci likita kan rage musu magani, wasu har a tsayar, amma likita ke yin wannan da sakamakon gwaji a gabansa. Zogale ganye ne mai amfani ina cinsa kusan kullum, ba ya maye gurbin magani. Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, in ya bi irin wagga shawara ya ajiye allura kwana kaɗan ne zai kwanta rai hannun Allah.

Kuma ba masu Daonil kaɗai abin ya shafa ba. Masu allurar insulin, musamman gaurayayyar nan irin Mixtard da ake yi safe da yamma, su ma an auna musu ita ne da abincin da sunka saba ci, in sitaci ya ragu allura ba ta ragu ba labarin Yaya ne zai maimaitu ko ma fiye. Sai sababbin magungunan nan masu tsada da ke fitar da suga ta fitsari, empagliflozin da dapagliflozin, a kwali za ka ga Jardiance ko Forxiga. Su nasu haɗarin daban ne kuma ya fi ɓoyuwa, in anka haɗa su da keto jini na iya yin tsami da sinadarin kiton alhali na'ura na nuna suga lafiya lau, mutum ya yi ta amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama da kasala yana cewa ai sugana daidai yake. Mai shan waɗannan kada ya kusanci keto sai da izinin likita. Masu maganin hawan jini su ma su riƙa awo, don farkon rage sitaci jiki na zubar da ruwa da gishiri, jini na iya sauka ka miƙe tsaye ka ji duhu ya rufe ka, balle a zafin Kebbi na watan Maris zuwa Mayu da ake wuce digiri 40. Mai ciwon ƙoda bai kamata ya dinga lodar nama da kifi da awara haka nan ba, mai juna biyu kuma wannan ba layinta ba ne sai abin da asibiti sunka tsara mata.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne in ban da na latti. Yaro ɗaya ke rabon da babur, daga Gesse zuwa Bayan Kara zuwa Badariya zuwa Gwadangaji, an ce ƙarfe ɗaya amma sau da yawa sai biyu ta wuce, ranar Juma'a kuwa sai haƙuri. Ga mai lafiya latti yunwa ce kawai, ga wanda ya sha ƙwaya ko ya yi allura yana jiran abinci latti haɗari ne, ya kamata ta ƙara yaro ko ta rage unguwanni. Hannunta na da nauyi wurin magi da gishiri, alhali rabin masu suga suna da hawan jini, in ka yi magana tana ragewa kwana biyu sai a koma. Jadawalin sati ɗaya ne ke ta juyawa, in ka daɗe za ka haddace shi. Cikina ya ɗaure a farko sai da na ƙara shan ruwa sosai, kan nan ma ba ta gargaɗi mutane. Kuɗin kuma ba na kowa ba ne, kula ɗaya ta kusa ninka farantin shinkafa da nama na gidan abinci, ban ga laifinta ba tunda kifi da ƙwai da nama ba araha suke ba, amma ka sa kuɗin sitirif na gwaji cikin lissafinka don a farkon nan gwajin yawa gare shi kuma gwangwanin sitirif ba ya daɗewa. Wanda ba shi da na'ura a gida, ko ba zai iya sayen sitirif ba, ni ban ba shi shawarar shiga keto ba ko kyauta ne. A ajiye sitirif ɗin a inuwa a rufe gwangwanin da kyau, zafi na lalata su su ba ka lambar ƙarya.

Na ji ta fara tallar tsarin azumi, sahur da buɗa-baki, kuma mutane na ta rubuta suna. Azumi da keto da glibenclamide ko insulin a haɗe, wallahi gabana faɗuwa yake in na tuna, har masu azumin Litinin da Alhamis abin ya shafa. A je asibiti tun watan Sha'aban bai kama ba a gyara lokutan magani, kuma in awo ya yi ƙasa da 70 da rana a karya azumin, addini ya ba marar lafiya rangwame.

To wa zan ce ya saya? Mai nau'i na biyu da ke kan metformin kaɗai, ƙodarsa lafiya, yana da na'ura, ya nuna ma likitansa jadawalin, wannan ya ɗauki mai sassauci zai ji daɗinsa, musamman ma'aikaci ko wanda a gidansu tukunya ɗaya ake ɗorawa ba mai ware masa nasa. Mai Daonil ko glimepiride ko gliclazide ko allura, likita tukuna kafin kula ta farko ta shigo gidanka, ka sanar da mutanen gida alamun faɗuwar suga, ka riƙa yawo da suga ƙwaya uku ko huɗu a aljihu ko jaka, kuma ka ajiye wani abin ci kusa saboda ranar da yaron zai makara. In ba ka san sunan ƙwayar da kake sha ba ɗauki ledar ko kwalin ka kai famasi ko asibiti a karanta maka.

Ni ina nan kan na rana, da dare ina haɗa nawa a gida tunda na koyi yadda take yi. Yaya ta daina karɓa, ɗiyarta ke dafa mata irinsa da 'yar malmalar tuwon dawa a gefe kamar yadda likita ya ce, awonta na safe yana tsayawa wajen 120 zuwa 140 kuma bai sake faɗuwa ba. Wata mai zuwa in na je biyan kuɗi zan tafi da tambayoyin a rubuce a takarda, guda huɗu ne, insulin, Daonil da 'yan uwansa, masu fitar da suga ta fitsari, sai ciwon ƙoda ko juna biyu, in roƙe ta ta liƙa su saman jadawalin da take turawa. In ta sa zan zo in faɗa muku, lokacin nan zan ba da lambarta ga mai so.